Hancin Jirgin Baba Ɗanjumma

Duk sanda na ga ɗayanku, ku masu koyon aiki, ya ɗauki zarto zai yanka akwatin inji, sai in tuna ranar da Baba Ɗanjumma ya kusa gasa mu a tsakiyar dam ɗin Bakalori. Lokacin ni ne babban makanike a garejinmu na Talatar Mafara. Aka kira ni wajen Maradun in ɗora injin fetur a jirginsa na katako, wanda yake fiton manoma da shi.

Injin da ke zaune cikin jirgi akwati ake yi masa, kuma dole a bar wa akwatin kafofi. Ta ɗaya iska ke shiga, ɗayar kuma a zura mata bututu har ƙasa, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, can yake kwanciya. In ya taru, ƙyastu ɗaya ya isa. Na ɗaure inji, na yanka kafofina, na sa musu raga, na koma gida ina jin kaina.

Ranar Talata na dawo gwaji, jirgi cike da masu albasa za su kasuwa. Mun yi nisa sai inji ya fara tari, ya mutu. Ina ɗaga murfi zafi da warin fetur suka buge ni. Kafofina babu ko ɗaya, an cusa musu tsumma an shafe da kwalta, sumul. Daidai nan wani fasinja ya zaro ashana zai kunna taba. Ban san sanda na kaɓe hannunsa ba, ashanar ta faɗa ruwa. Wallahi na tsorata.

Na ce, "Baba, wa ya yi wannan aiki?"

Ya ce, "Ni na, ɗana. Na ishe ka bar ramu har biyu, nic ce bari in ruhwa maka asiri kahin mutane su gani. Tun da nike, ban taɓa barin rami ga jirgi ba."

Dariya ta zo mini. Na ce, "Baba, ba rami ba ne, hanci ne. In aka toshe naka da kwalta, za ka kai gaɓa?"

Ya shafa hancinsa. Sai ya ce, "Ashe dai shaƙe shi niy yi!"

Da kansa ya ɓamɓare kwaltar da wuƙa. Muka bar murfin a buɗe har warin ya fita, sannan na tayar.

Abin da na koya shi ne, aikinmu ba ya ƙarewa da ɗaure kusa. Mutumin ruwa duk kafar da ya gani toshe ta zai yi, don haka sai ka gaya masa amfaninta da kalmar da zai riƙe. Bara na shiga jirgin nan, na ji Baba yana daka wa wani mai buhu tsawa: "Kai! Ɗebe kayanka ga hancin jirgina, numfashi shikai!"