Dattijon da Ya Ƙi Cin Tuwonmu

Shekarun baya, a daminar da 'yan bindiga suka yi ta tashin ƙauyukan yankin Ruma, muka wayi gari a Batsari firamaren unguwarmu ta cika maƙil da mutane. Wani ya tsira da akuya, wani da tabarma, wani kuwa sai rigar jikinsa. Aka ture bencina gefe, kowane aji ya koma masaukin iyalai da yawa, zane kaɗai ya raba tsakaninsu.

Mu samarin unguwa muka tashi tsaye. Ni da bakina ba ya shiru, ni aka tura gaba. Muna bin gida-gida muna roƙon hatsi da tufafi, muna kuma roƙon duk mai ɗakin da ba kowa ya ba bayin Allahn nan. Wasu suka ba da. Wasu suka ce ba za su ajiye wanda ba su san asalinsa ba, wa ya sani ko ɗan rahoton ɓarayin ne. Na yi ta faɗa da mutane har muryata ta dishe. A lokacin ji nake ni kaɗai Allah ya ba tausayi a garin nan.

Kullum da la'asar matan unguwa kan dafa abinci, mu ƙulla a leda, a yi layi mu raba. Akwai wani dattijo dogo mai farin gemu da bai taɓa shiga layin ba. Yana zaune gindin darbejiya da carbinsa. In na kai masa, ya karɓa hannu biyu, ya sa albarka, ina juya baya ya miƙa wa jikokinsa. Mutanen garinsu suka ce mini babban manomi ne, da can rabin gari a ƙofar gidansa suke cin tuwo. An kashe ɗansa a gona, an ƙone masa rumbuna.

Na ce to, layi ne ba ya so, ai wannan mai sauƙi ne. A ƙofar gidanmu ake ciyayya tun mahaifina na da rai: bayan magariba magidanta su zauna, a fito wa kowa da kwano daga gidansa, a haɗu a ci. Na lallaɓa dattijon na kawo shi, ina jin kaina mai dabara. Ya gaisa da kowa a mutunce, ya zauna bakin tabarma. Ana buɗe kwanoni sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya miƙe. Haka gobe, haka jibi. Mutum yana ta ramewa a kan idonmu, rigarsa har ta soma yi masa yawa.

Ran nan ya kira ni gefe.

"Ɗana, Allah shi biya ku. Ni gobe zan koma gida."

Na ce, "Baba, wane gida? An ƙone garin, ɓarayin kuma suna nan cikin daji. Kashe ka za su yi."

"Na sani," in ji shi. "Amma can ko ruwan kunu na sha, daga cikin gidana ya hito."

Raina ya ɓaci. Na shiga gida ina ta bambami a gaban mahaifiyata, wai ga abinci ga mutunci an ba mutum, shi sai ya kai kansa ga halaka. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Kai dai baki gare ka, ba ido," ta ce. "Duk wanda ya zauna a tabarmar nan kwanonsa na gabansa. Shi ina nasa? Mutum ya tsufa ana fitar da kwano daga gidansa, kake so ya riƙa sa hannu a na wasu kullum?"

"To Inna, ya za a yi? Ba shi da gidan."

Ta karkaɗe hannu, ta yafa mayafi, ta ce in raka ta makarantar. Ta samu matar dattijon, suka gaisa doguwar gaisuwa. Ba ta ce mata mun zo taimakonku ba. Cewa ta yi, "Yaya, alfarma na zo nema. Ɗakin marigayi maigidana na nan a rufe, gara na neman cinye shi. Ni kuma ƙafa ta matsa mini. Ku zo ku riƙe mini gidan, don Allah." Ƙafar tana ciwo, gaskiya ne, amma ɗingishin da ta yi a ranar ni kaina sai da na tsorata.

Washegari suka tare. Mahaifiyata ta kafa wa tsohuwar murhu nata daban, ta ba ta tukunya da muciya, ta zuba mata dawa a ɗaki yadda ba sai ta tambayi kowa ba. Da magariba ni na ɗauko kwanon, rufe da faifai, na ajiye gabansa na ce, "Baba, ga shi daga ɗakinka."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya buɗe, tuwon dawa ne miyar kuka, ya tura shi tsakiyar tabarma. "Bisimilla, jama'a, ku matso. Ku yi haƙuri da abin da anka samu." Kowa ya bar nasa ya fara sa hannu a na Baba, shi ma ya ci, har ya miƙa hannu kwanon limaminmu. Hawaye suka zubo mini, na ce yaji ne.

Bai koma ba. Sai dai jikin ya riga ya ci wuya, ga baƙin cikin ɗa. Duk wanda ya shigo daga wajen Ruma sai ya tare shi yana tambayar gonarsa. Ana cikin kaka ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa a ɗakin nan.

Mutanen garinsu da suka warwatsu suka yi ta zuwa ta'aziyya, daga Safana, daga Runka, wasu a babur wasu a bayan a-kori-kura. Su ce ina gidan mamacin, 'yan unguwa su nuna gidanmu. Mahaifiyata ta shimfiɗa wa tsohuwar tabarma a tsakiyar gida, ita kuma ta koma bakin ƙofa cikin masu gaisuwa. Wata baƙuwa ta tambaye ta, "Ke ma gaisuwa kika zo?" Ta ce, "E, maƙwabciyarsu ce ni."

Tsohuwar ta gama takaba ta koma wurin 'yarta a Safana da jikokin. Ni kuwa tun daga nan na rage surutu a harkar taimako. Na gane wanda ya rasa gida ba rufin kansa kaɗai ya rasa ba, ya rasa inda zai ce wa wani bisimilla. Na yi farin ciki da Baba ya mutu da mutuncinsa, amma har yau in na wuce firamaren nan zuciyata sai ta yi nauyi. Azuzuwan cike suke da irinsa, mu kuwa ɗaki ɗaya gare mu.