Ranar da Na Tsare Jarrabawar Malamina

A shekarar da aka ce za a gwada Turancin malaman firamare, ban fi wata takwas da kama aiki a ofishin ilimi ba. Ina da sabon babur da sabon takalmi, ga wani jin kai da yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse. Labarin da ya zo mana shi ne duk malamin da ya kasa cin rabi za a cire shi daga aji. Ni har goyon bayan abin nake yi. In an zauna hira a bakin ofis, ni ne mai ɗaga murya ina cewa mutumin da bai iya haɗa jimla ɗaya ba, me ya haɗa shi da alli?

Jarrabawar ba wani abin azo a gani ba ce. Tambaya sittin a cikin awa ɗaya, duk irin abin da ake koya wa 'yan aji huɗu ne: cike gurbi, tilo da jam'i, jera kalmomi su tashi jimla. Kowace tambaya an ba ta amsa huɗu, mutum ya zaɓi ɗaya. Takarda uku ake ba kowa. Akwai ta tambayoyi, akwai ta amsa mai ƙananan da'irori da ake shafewa da fensir, sai farar takarda don wanda yake son ya gwada wani abu a gefe. Wajen maki kuwa ba a karanta komai. Wani kwali ne mai huji-huji ake ɗorawa a kan takardar da'irorin, duk hujin da aka hango baƙi a cikinsa an ci ɗaya. Farar takardar nan ba wanda yake kallonta.

Aka tura ni Kiru, aka ba ni layi biyu na ƙarshen zauren wata makaranta in tsare. Damina ce, tun safe hadari ya haɗo. Malamai suka yi ta isowa daga ƙauyuka, wasu a babur, wasu a ƙananan motoci, ƙafar wando duk taɓo. Ina tsaye a ƙofa ina duba takardun shiga sai na ga wani dattijo yana jingine kekensa da katanga, yana kwance ledar da ya ɗaure a kan hularsa. Tun kafin ya juyo na gane shi da yadda yake karkatar da kafaɗa. Malamina ne.

Shi ya koyar da ni Turanci a Yako, tun daga aji uku har na fita. Daga baya aka mai da shi Badafi, muka daina haɗuwa sai a jana'iza ko ɗaurin aure. Mutum ne da ba ya duka, amma mun fi tsoronsa a kan masu bulala, don in ya kalli littafinka ya girgiza kai, ranar ko tuwo ba zai yi maka daɗi ba. Yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa. Kafin ka amsa kowace tambaya sai ka ja layi da rula a gefen shafi, ka rubuta kwanan wata, ka kwafe tambayar gaba ɗayanta, sannan ka kawo amsa a cikin cikakkiyar jimla. In ka rubuta kalma ɗaya tsura, ko daidai ce, sai ya soke ta. Yakan ce, "Wa kake yi wa magana da guntun baki?" Har yau in zan cike fom sai na ji hannuna yana neman rula.

Na durƙusa zan gaishe shi, sai ya kama kafaɗata.

"Tashi, ɗana, tashi. Yau kai ne malam, mu ne ɗalibai. Kada ka sa a ce na zo da ɗan gida."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Na duba takardarsa, sai na ga kujerarsa tana layina.

Ana gama raba takardu ruwa ya kece. Rufin kwano ne, ba silin. Babban jami'in da ya zo daga birni ya tsaya a gaba yana karanta ƙa'idoji da Turanci, da sauri kamar ana korarsa. Mu da muke baya bakinsa kawai muke gani yana motsi. Matasan malamai ba su damu ba, sun saba da irin wannan takarda tun suna sakandare. Aka ce a fara, suka duƙa suna ta shafe-shafe.

Zagayena na farko na zo bayan Malam na tsaya. Ya ture takardar da'irori gefe, ya ɗora gidan tabaraunsa a kanta don kada iska ta ɗauka. Ya jawo farar takardar gabansa. Ya fito da wata tsohuwar rula ta katako, ya ja layi a gefe, ya rubuta kwanan wata, ya ja masa layi biyu a ƙasa. Sannan ya fara kwafe tambaya ta ɗaya, har da amsoshinta huɗu, da wannan rubutun nasa mai kwanciya wanda duk muka gada.

Nan take na gane abin da yake faruwa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na san in ya tafi a haka ko sulusi ba zai kai ba, kuma ko ya kai, ba a nan ake dubawa ba. Magana ce ta numfashi ɗaya: Malam, da'irar nan kawai za ka shafe. Ko in sa yatsa in nuna masa, ba sai na buɗe baki ba.

Amma ta ina zan fara? Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ina yaro, yau in sunkuya a kansa cikin mutane in ce masa ba haka ake yi ba? A bayansa akwai malamai biyu da shi ya koyar da su, sa'annina, suna kallo. Na ce wa raina bari in zaga, wataƙila ta ɗaya ce kawai yake gwadawa, zai dawo kan hanya da kansa.

Na zaga, na dawo. Yana ta shida. Na sake tsayawa a bayansa, na daɗe, har na ji zufa tana bin bayana duk da sanyin ruwan. Na ɗaga kai sai na ga jami'in nan yana kallon sashenmu. An gargaɗe mu tun da safe cewa duk wanda aka gani yana magana da mai jarrabawa, a bakin aikinsa. Shekaru na yi ina fakewa da wannan gargaɗin. Gaskiyar ita ce a ranar na ga abokan aikina suna raɗa wa mutanensu magana, ba abin da ya same su. Kunya ce ta riƙe ni, da tsoro, da son kada sabon aikina ya sami tabo. Na wuce.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne da aka yi minti arba'in. Malam ya ɗaga hannu. Ya ɗaga shi ne sosai, yatsa ɗaya a sama, yadda ya koya mana. Na taho da sauri, zuciyata tana cewa alhamdulillahi, ya gane, zai tambaye ni, in ya tambaya kuwa ba rashin kunya ba ne in amsa.

Ya ce a hankali, "A taimaka mini da ƙarin takarda. Wannan ta cika."

Na je na ɗauko. Na miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na ce, "Amin, Malam." Na ɗan tsaya a bayansa ina kallonsa yana jan sabon layi da rula, sannan na koma bakin taga ina kallon ruwa yana zuba daga indararo.

Da aka ce a ajiye fensir, yana ta goma sha tara. Ya ɗago yana duban agogon bango da mamaki. Ni na karɓi takardun layin. Takardar da'irorinsa fes take, lambarsa kawai a sama. Kafin in kai gaba na laɓe a bayan ginshiƙi na karanta fararen takardun nan biyu. Goma sha tara, ba kuskure ko ɗaya, ko waƙafi bai ɓace ba. Aka ce takardun amsa a wannan kwali, fararen takardu a wancan buhu. Na sa kowacce inda aka ce. Buhun nan, daga baya na ji masinja ne ya rabar wa masu ƙosai.

Kada a ce ban yi komai ba. Washegari na sami shugabanmu na yi masa bayani ina sosa ƙeya. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce kwali ba ya karatu, kuma in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa sai an buɗe wa kowa. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Iyakar ƙoƙarina ke nan, bai kai minti biyu ba.

Sakamako ya fito aka manna a bangon ofis, inda duk mai wucewa zai karanta. Sunan Malam yana can ƙasa, da sifiri a gabansa. Na ji da kunnena wani yana cewa, "Ashe dattijon nan duk shekarun nan holoƙo ne?" Aka yi dariya. Ina wurin, ina riƙe da fayil, na juya na shige ofis.

Ba a kore shi ba, saboda saura shekara biyu ya yi ritaya. Aka karɓe ajinsa aka ba wani, shi kuma aka ba shi kula da rajista da kaɗa ƙararrawa. Zango ɗaya ya yi a haka ya ajiye aikin, ya koma gona. Da aka yi mini canji zuwa Doguwa murna na yi, don hanyata ta daina bi ta kusa da shi. Sai dai nisan bai raba ni da komai ba. Duk zauren jarrabawar da na shiga bayan nan, in wani ya ɗaga hannu sai gabana ya faɗi. Har na zama abin tsokana a wurin aiki, don kafin a fara sai na bi kujera-kujera ina nuna wa mutane da'ira, ina maimaitawa da Hausa, ko da yaran da suka fi ni sanin abin ne. Suna ce mini Sarkin Da'ira. Ina dariya tare da su, ba wanda ya san dalili.

Sai da aka shekara uku na iya zuwa Badafi. Na shirya maganata tun daga gida, ina ta bitarta a kan babur. Lokacin kaka ne, na same shi a gona yana ɗaure damin dawa. Ya rame, amma ya tarbe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa, ya ɓare mini rake. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara, ya tambayi hanyar Doguwa ko har yanzu tana cin taya. Ina ta neman inda zan sako maganar, sai shi ya riga ni.

"Ɗana, akwai abin da na daɗe ina son in tambaye ka. Kai ka karɓi takarduna ranar nan. Ka duba su?"

Na ce, "Na duba, Malam."

"Waɗanda na samu na yi, akwai gyara?"

"Babu ko ɗaya, Malam. Wallahi babu."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "To alhamdulillahi. Abin da ya dame ni ke nan. Maganar da'ira kuwa, sai bayan an fito yaran nan suka gaya mini. Na ga rubutun a saman takardar, na ɗauka sai an gama aikin sannan a koma a shafe. Tsufa ne, ba laifin kowa ba."

Ga ƙofa ya buɗe mini. Na gyara zama, na buɗe baki, sai ya ci gaba yana murmushi.

"Ka san ina jin ka? Sau uku ka zo ka tsaya a bayana. Ban juyo ba, amma na san kai ne. Na ce a raina, yaron nan rubutuna yake dubawa, yana so ya ga ko hannun malaminsa yana nan. Sai na ƙara natsuwa, na rage sauri, don kada in ba ka kunya a gaban manyanka."

Na ajiye raken. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Mutumin nan ya ɗauki tsayuwata a matsayin girmamawa, ya riƙe ta shekara uku yana jin daɗinta, kuma in na faɗi gaskiya ita ma zan ƙwace masa. Ko kuwa wannan ma wata mafaka ce na samar wa kaina? Har yau ban sani ba.

Ya ce, "Ya ka ga rubutun? Bai lalace ba ko?"

Na ce, "Yana nan yadda na san shi, Malam."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya rako ni har bakin hanya, ya ɗaura mini rake uku a bayan babur, ya ce in gaida gida. Damina ta gaba ya rasu, ina Doguwa, sai bayan an binne shi labari ya same ni.