Yana Hannu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina dama kokon yara waya ta shigo daga Kaura, wai Malama Rabi ta rasu. Har yanzu kokon yana nan cikin kwano, ya sandare.

Malamarmu ce ta Hausa a ƙaramar sakandare. Duk wadda ta yi makaranta a Kaura lokacin da aka fara Shari'a ta san ta, doguwar Bafulatana 'yar Gurbin Bore, mai alli a bayan hannu kullum.

A lokacin jihar ma ba ta daɗe da samuwa ba, an kwashe ma'aikata da yawa zuwa Gusau, har da babana. Shi da abokan aikinsa suka kama haya gida ɗaya, iyali kuwa aka bar mu a Kaura. Wata rana a aji Malama ta ce kowa ta faɗi inda mahaifinta yake. Na miƙe da ƙarfina na ce, "Babana yana Gusau, a gidan maza."

Wallahi ban san gidan maza kurkuku ake nufi ba. Ni dai na ga gida ne, kuma maza ne a ciki.

Da la'asar sai ga Malama a gidanmu da ƙwaryar fura da nono, ta zo yi wa Inna jaje. Ta tarar da Baba ya zo hutu, yana zaune a kan tabarma yana yanke farce. Ranar Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga nan sunana a bakin Malama ya koma 'Yar Gidan Maza, har na yi aure, har na haihu.

Washegari ta cika allo da kalmomi, don kullum muna jin su a labaran kotu a rediyo ba mu san bambancinsu ba. Kurkuku, gidan yari, gidan kaso kamar yadda mutanen bakin iyaka ke cewa. Ta ce wanda aka ɗaure an yanke masa hukunci, ya san ranar fitarsa. Wanda ke zaman waƙafi kuwa jira yake, alƙali bai gama da shi ba. Da ta zo kan ɗaurin talala sai ta ajiye alli, ta ba mu labarin yadda mahaifinta ke ɗaure maraƙi da doguwar igiya, ya yi kiwo, ya zagaya, ya ɗauka sake yake, sai ya nufi uwarsa igiya ta tuna masa.

Mu dai dariya muke yi. Wa ya san za mu bukaci kalmomin nan a cikin gidajenmu?

Da yawanku kun san abin da ya same ni. An tare motarsu Baban Amira, maigidana, a hanyar Shinkafi zuwa Kaura, aka shiga daji da su. Da farko suna kira, muna jin muryarsa. Daga baya layin ya daina shiga. Yanzu abin ya haura shekara.

Makonnin farko gidana ba masaka tsinke. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba, kowane gida a Shinkafi da nasa. Amma akwai zafi ka ji mutane sun fara cewa "Allah sarki, mutumin kirki ne", su kuma yi shiru in ka shigo.

Malama ce kaɗai ba ta canza harshe ba. Duk Juma'a sai ta kira, ko da network yana yankewa. Ba ta taɓa cewa "ya haƙuri" ba. Cewa take, "'Yar Gidan Maza, ina labarin mutumen namu?"

Kalmar garkuwa ma ba ta son ji. Ta ce garkuwa abin kare rai ce, ba ta san wanda ya ɗauke ta ya ba ɓarayi ba.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar Salla ne. Na bi ayarin motoci na je Kaura, na same ta a tsakar gida tana tsince zogale, ta rame ƙwarai. Na tambaye ta yaushe rabonta da Gurbin Bore. Ta yi murmushi ta ce, "Ai ni ma talala anka yi mani. Igiyata ta kai kasuwa, ta kai asibiti, ba ta kai gida."

Sai na gaya mata abin da ya kawo ni. Yayyen Baban Amira sun ce za a zauna, a je gaban alƙali a ce ya ɓata, a san matsayina da na yara. Wasu har sun fara yi mini zancen takaba. Na ce mata na gaji, Malama, wataƙila su ke da gaskiya.

Ta ture tiren zogalen gefe.

"Wa yag ga gawa tai?"

Na ce babu.

"To kak ki bari a sa maki kalma a baki. Abin da ya ɓace ba a san wa ad da shi ba. Shi ko mun san inda anka nuhwa da shi. Ki ce shina hannu. Hannu kau, ɗiyata, yadda ya damƙe haka yaka buɗewa."

Ta ce alƙali zai yi aikinsa bisa ilimi, ba ta hana ba, amma in an tambaye ni, in faɗi abin da na sani, kada in faɗi abin da gajiya ta sa ni. Ta kuma yi alkawari ranar zaman za ta zo Shinkafi ko da a bayan babur ne, ta zauna kusa da ni.

Jibi ne zaman.

Ni ko jana'izarta ban samu ba. An ce hanya ba kyau yau, direbobi sun ƙi tashi. Ina zaune a ɗaki ina kallon lambarta a waya, tawa igiyar ba ta kai Kaura ba.

Ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba, ko ranar da layinsa ya daina shiga. A ranar ina da wadda zan kira.

Jibi zan shiga cikin surukaina ni kaɗai, gefena ba kowa. In an tambaye ni, abin da ta koya mini zan faɗa.

Ya Allah ka jiƙan Malama Rabi, ka yalwata mata kabarinta, kada ka sa ya zame mata kurkuku. Ka kwance mata kowace igiya, ka sada ta da iyayenta a Aljanna, tunda ba ta samu komawa gida ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. In kun gama, ku sa da Baban Amira. Kada ku ce Allah ya jiƙansa. Ku ce Allah ya kuɓutar da shi, yana hannu.