Ruwan Ƙal'ar Kan Dutse

Muna zaune a Awali, wajen Madina, lokacin, cikin gonar dabinon da babanmu yake wa aiki. Da sanyi, bayan magariba, kakarmu Hajiya Dije takan hura gawayi a kasko ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Ita Hausa take yi, mu kuwa rabin amsarmu Larabci ne.

Cikin labaran da takan ba mu, wanda ya fi zama mini a rai shi ne na wata ƙal'a, tsohon ginin tsaro a kan dutse, a hanyar mahajjata. Ta ce a kangonta suka yada zango sa'ad da suka taho da ƙafa daga Damagaram.

An gina ta shekaru aru-aru da suka wuce don tsaron hanya. Babu rijiya a saman dutsen, sai wani rami da ake tara ruwan sama. Wata shekara aka aiko wa shugaban masu gadin cewa mahara na tafe, ya rufe ƙofa, ya tattala ruwa. Ya rufe. Sai ga ayarin mahajjata a gindin dutsen, ƙishirwa ta kusa kashe su, kuma ba ya jin yarensu. Bai buɗe ƙofar ba, amma ya sa aka riƙa zura musu salka da igiya har kwana biyu. Suka sha, suka wuce.

Maharan suka iso suka kewaye dutsen. Ruwan da zai kai wata biyu bai kai kwana ashirin ba. Aka ci ƙal'ar, aka kashe shi da mutanensa.

Yayata Rabi ta tambayi Kaka, "Ya Sitti, ashe kuskure ya yi?"

Kaka ta ce, "Ni ban ce ba, 'yar nan. Mutanensa ma 'ya'yan wasu ne. Mahajjatan kuma sun iso Madina. Yalla, ku shanye shayinku."

Da na girma, na yi shekara da shekaru ina aiki a filin jirgi, ina duba takardun baƙi. Akwai ranar da doka takan ce kaza, tsohon da ke tsaye gabana kuma yana bukatar akasin haka. Wani lokacin na bi dokar, wani lokacin na nemo masa hanya. A nan na gane dalilin da ya sa Kaka ta ƙi yanke hukunci. Duk wanda na zaɓa, akwai wanda ya cutu, kuma yawanci ba ni ba ne.