Saiwar Kawuna da Hantar Ɓeraye

Shekarun baya, tun ina ƙaramin malami a sashen nazarin magunguna na jami'armu, na yi wani bincike da har yau ake ambatona da shi. Waɗanda suka karanta takardar sun san sakamakon. Abin da ba su sani ba shi ne wanda ya biya kuɗin wannan suna da na yi, kuma ba da aljihunsa ya biya ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ƙauyensu na asali a bakin gulbi yake cikin ƙasar Maradun, yana cikin waɗanda ruwan dam ɗin Bakolori ya ci, aka tashe su zuwa tudu. Manomi ne, amma an fi saninsa da maganin tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini. Wurin ubansa ya gada. Da noman rani ya kankama, mutane suka koma wuni cikin ruwa suna dashen shinkafa, sai cutar ta yawaita. Daga Talata Mafara, daga Bakura, haka babura ke jeruwa ƙofar gidansa. Wata saiwa ce yake shanyawa ya daka, ya ce a jiƙa a sha ludayi guda safe da yamma. Ba zan faɗi sunanta ba, kada wani ya je ya haƙo.

Da na fara digiri na biyu, ban sha wahalar zaɓen abin bincike ba. Na ce saiwar Kawu zan gwada. In faɗa muku gaskiya, ba tambaya na je yi ba, amsa na je tabbatarwa. Tun ban wanke kwalbar gwaji ko ɗaya ba na riga na hango hotona a jarida, Kawu na gefena da babbar riga. Shi kuwa da na faɗa masa, dariya ya yi, ya ɗaure min saiwar a tsumma, ya ce, "Tahi da ita, 'yan boko su ma su ɗanɗana."

Watannin farko komai ya tafi yadda nake so. Ruwan saiwar ya kashe tsutsar cutar a ɗakin gwaji, na gani da idona. Na yi ta yawo a sashe kamar wanda ya ci zaɓe.

Sai aka zo mataki na biyu, wato a ba ɓeraye maganin na tsawon makonni a ga ko yana yi wa jiki illa. A nan murna ta koma ciki. Ɓerayen suka rage cin abinci, suka rame. Da muka duba hantarsu, ta kumbura, launinta ya dushe. Na ce kuskurena ne wajen awo, na sake. Na sake na uku. Abu ɗaya.

Malamar da ke duba aikina farfesa ce, dattijuwa mai ƙarancin magana. Na kai mata sakamakon, ina ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Ranki ya daɗe, ko mu fara fitar da ɓangaren farko, na hantar mu bar shi sai an ƙara bincike?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Malam, yanzu da muke zaune nan, ana shan jiƙon nan ko ba a sha?"

Na ce ana sha.

Ta ce, "To tashi ka tafi gida. Kada ka rubuta min ko layi ɗaya sai ka faɗa wa mai maganin. Takarda tana iya jira."

Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba. Na sauka Talata Mafara, na hau babur zuwa ƙauye, ina ta shirya magana ina rushewa. Na iske shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar guga. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya sake komawa kan aiki. Ni ma na yi ta jan gaisuwar, don ban so ta ƙare. Shi ya katse ta.

"Ɗan nan, fuskarka ba ta gaisuwa ba ce. Mi kag gani?"

Na faɗa masa duka. Na ce maganin yana kashe cutar, amma yana cin hanta, kuma yawan da ake sha ya isa ya yi wa mutum illa. Na zata zai ce ɓera daban mutum daban, ko ya ce boko ya raba ni da kunya. Na ma tanadi amsa. Bai ce ko ɗaya ba. Ya aje igiyar.

Can ya ce, "Wagga ba ita ce wadda tsohona ya nuna min ba."

Na ce, "Kamar yaya, Kawu?"

"Saiwa tashi tana bakin gulbi, tana ƙarƙashin ruwan ga yanzu. Da anka tashe mu, na bi daji har wajen Bakura, na iske mai kama da ita. Ganye guda, fure guda. Ta dai fi ɗaci. Na ce bambancin ƙasa ne." Sannan ya ce, "In hanta ta lalace, mi ake gani ga mutum?"

Na ce ido kan yi rawaya, ciki ya kumbura, jiki ya mutu.

Ya ce akwai wani magidanci daga Bakura, manomin shinkafa, wanda tsargiyar ta ƙi saki, ya dawo karɓar maganin har sau uku. Bayan girbi aka aiko ya rasu, aka ce ciwon shawara ne. Kawu har gaisuwa ya je.

"Kai ka yi karatu. Faɗa min, ni na kashe shi?"

Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya ce. Ita kanta tsargiyar tana taɓa hanta, ga wasu cututtukan, ga mutumin ya shekara biyu a kabari. Babu gwajin da zai raba wannan gardama. Na yi masa bayanin nan duka, na so ya zame masa sauƙi. Ya ce, "Ke nan ba ka ce a'a ba."

Washegari ya ce in raka shi Bakura. Na yi ƙoƙarin hana shi, ya ce shi ba shawara ya nema ba. Muka iske yayan mamacin a ƙofar gida yana shirin tafiya gona. Bayan gaisuwa Kawu ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa, tsoho da furfurarsa, ya faɗi komai bai rage ba. Ya ce bai sani ba ko maganinsa ne, amma ba zai iya rantsuwa ba shi ba ne, ya zo a yafe masa.

Hawaye suka zubo wa mutumin. Ya ce, "Baba, tashi don Allah. Lahiya ka nema mai. Kwana ne ya ƙare." Ya kama hannun Kawu ya mayar da shi kan tabarma. Sai ya ƙara da cewa, a hankali, "Amma kada a sake ba wani."

Kawu ya ce, "An gama."

Da muka koma ya ƙone abin da ya rage na saiwar a bayan gida. Ranar Juma'a bayan an sauko ya miƙe gaban jama'a ya ce duk mai sauran garin maganinsa ya zubar, mai fitsarin jini ya tafi asibiti. Wasu sun yaba, wasu sun ce ɗan da ya riƙa ne ya tona masa asiri. Babura suka daina zuwa. Mahaifiyata ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Maganar da ya yi a zaure ita ta zama ƙashin bayan aikina. Shi da kansa ya yi ta bin sauran fadamu har ya samo min 'yan tsirai na ta asali. Masana tsirrai na jami'armu suka tabbatar iri biyu ne masu kama da juna, gwajinmu kuma ya nuna ta asalin ba ta kai ɗayar illa ba. Takardar ta fito a mujallar kimiyya, sashenmu ya samu yabo, ɗalibai da dama suka ɗora nasu binciken a kai, ni kuma aka ƙara min girma. Na roƙe shi ya koma ba da ta asalin, ya ce shi da ludayi sai lahira.

Na yi shekaru ina koyar da yadda ake gane gaskiya a ɗakin gwaji, amma sai in tuna da na ga tawa gaskiyar, ɓoye rabinta na fara nema. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, shi aka kawo wa labarin da ya rushe masa gadon ubansa, tambayarsa ta farko kuwa ita ce wa ya cutar.

Ya yi shekara shida bayan haka. Bai sake yi min waccan tambayar ba, ni ma har yau ban samu amsarta ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan manomin Bakura.