Ƙwallayen Dabinon da Mahmudu Ya Rage

Mahmudu Ɗan'inna ma'aikacin gonar dabino ne a unguwar Awali ta ƙasa mai tsarki, jikan wani Bakatsine da ya zo aikin hajji a ƙasa bai koma ba. Hawan dabino ne sana'arsa, amma da dara aka san shi. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan haƙa gurabe talatin a gindin katangar gona, ya zube ƙwallayen dabino goma sha biyu da tsakuwa goma sha biyu. A wannan zama kaɗai dattawa ke samun yin Hausa zalla, domin 'ya'yansu da Larabci suke amsa musu.

Wajen shekarar 1978 zaman ya soma mutuwa, kuma gwanintar Mahmudu ce sanadi. Ba mai cinsa, ba kuma mai tasowa daga unguwar Bani Harisa cikin zafi domin kayen da ya riga ya sani.

Da ya tashi farfaɗo da zaman, da fari ya yi kuskure: ya sakar wa Badaru, wani tela mutumin Sudan, wasa da gangan. Badaru ya dubi gurbin da aka bar masa, ya janye hannu.

"Ya shaikh, bara na zo yi? In tausayina kake ji, saya mini shayi."

Ya tashi, Juma'a uku ba a gan shi ba.

Mahmudu ya daɗe yana auna lamarin. Ya gane cewa mutum yana jure faɗuwa muddin yana hango nasara, amma nasarar da aka miƙa masa a ɓoye raini ce. Rangwame, in za a yi, sai a fili. Ya tafi har shagon Badaru.

"Zan shiga da ƙwallo goma, kai da sha biyu, a gaban kowa. In na ci, in rage ɗaya. In ka ci, in mayar da ɗaya. Kuma ba zan ɗaga maka ƙafa ba."

"Ɗayyib, na yarda," in ji Badaru, bai ko tsayar da keken ba. "Taho da likkafaninka."

Mahmudu ya ci da goma, ya ci da tara, kowace Juma'a 'yan kallo na ƙaruwa. Ranar da ya shiga da takwas ya kafe yana gumi har rana ta yi ja, sannan Badaru ya cinye shi, ci na gaskiya.

"Sati mai zuwa da tara za ka zo," Badaru ya ce.

Mahmudu ya share guraben ya sake haƙawa, domin dattawa huɗu sun riga sun kaure da gardama, da Hausa, kan wanda zai zauna.