Gyambon Mijinyawa da ganyen gwanda

Duk Gamkalley ba wanda bai san Mijinyawa mai salati ba. Shekara talatin yana kwasar ruwan gulbi da arozuwar biyu, bokitan nan masu bakin feshi, yana ban ruwa a garkarsa, ko masassara ba ta isa ta kwantar da shi ba. Taurin kai kuwa, wallahi ba a magana.

Wayar shinge ce ta ɗan ƙwarzane shi a ƙwauri. Abin banza fa! Wata bakwai, abu ya zama gyambo kamar murfin kwano, yana ruwa, yana wari. Matarsa Habsatu, da kuka ta ja shi likita.

Lokotoron, wata doguwa mai tabarau, tana kwance tsumman da ya ɗaure ƙafar da shi ta ja da baya.

"Baba, wannan koren fa?"

"Ganyen gwanda ne da ƙaronta. Haka babana ya yi wa nashi gyambon."

"Ya warke?"

Habsatu ce ta amsa: "Da ƙafa guda aka bizne shi."

Lokotoron ta jawo kujera ta zauna. "Ka ga, jikin kowa akwai wani sinadari, aikinsa rushe tsohon nama don sabo ya samu wurin tsirowa. Tsarinsa cikin abin da muke gada wajen iyaye yake. A gyambon nan ya ƙi tsayawa, sabon ma cinyewa yake. Inna, in nama ya yi miki tauri, da mi kike naɗe shi?"

"Ganyen gwan..." Habsatu ta dafe ƙirji. Ita ke tsinko masa kullum da safe, masu kyan ma take zaɓa!

"Ba ganye, ba shiga gulbi, wankin ciwo duk bayan kwana biyu. Sati uku. In bai fara haɗewa ba, za mu yi maganar da ba na so."

Yau kwana tara. Mijinyawa na zaune kan kifaffen bokiti, ƙafa cikin farin bandeji, yana kallon salati na yaushi. Habsatu ke ban ruwan, arozuwar guda-guda, rabi na zubewa a hanya. Ranar wanki sai ta ɗauki tsinken tsintsiya ta auna faɗin gyambon kafin a rufe. Yau ma da suka je, ana kwance bandejin ta ɗora tsinken.

"Ya ragu, Habsatu?"

"Tsaya mana, Malam."

"Ke, gaya mini gaskiya!"

Ta sake ɗora tsinken, ta sake dubawa.

"Ban sani ba. Sai jibi mu sake aunawa."